Ruwan Mashayar Tungar Kaiwa

Duk wanda ya taɓa sayen tanakar Zamzam a hannun Dawuda Samkari, can gangaren unguwar Misfala a Makka, ya san wata ɗabi'a tasa. In ya gama liƙe bakin tanaka da dalma, ya buga mata hatiminsa, ba ya miƙa maka ita sai ya ɗaga ta ya kai kunne, ya girgiza a hankali, ya yi tsit kamar mai sauraron gulma ta bayan zana. Baƙin alhazai kan ɗauka wata addu'a ce ta mutanen Makka, har wasu su ce amin. Ba addu'a ba ce. Tabon wata tafiya ne, kuma wanda bai san tafiyar nan ba bai san Dawuda ba.

Tanaka dai gwangwani ce a bakin mutanen Hijaz, samkari kuwa shi ne mai ƙera ta. Dawuda haifaffen Makka ne. Iyayensa sun taso da ƙafa daga ƙasar Dandi, can bakin kogin Kwara, lokacin da Nasara ke shigowa. Suna tafe suna tsayawa noma, damina a nan rani a can, har Allah ya kawo su. Uban bai daɗe da isowa ba ya cika, ya bar matarsa Mairama da goyo. Ita ta rene shi da wankau da sayar da soyayyar gyaɗa, a wata bukka da ke gefen gari, wajen Utaibiyya, lokacin duk wurin duwatsu ne da awaki. Da ya tasa ta kai shi wurin wani samkari ya koyi aiki.

Ya kuwa koya. Idan ba lokacin aikin hajji ba ne, yakan yanka tsoffin garewani ya yi fitila da mazurari da buta. Amma da an ga alhazai sun fara sauka, sai ya share rumfa, ya ɗauko sabon fallen ƙarfe wanda bai taɓa ganin kananzir ba, ya shiga ƙera tanakokin tsaraba. A cika su da Zamzam a gabansa, ya liƙe, ya buga hatimi, sannan ya ɗinke kowacce cikin tsumman buhu don kada hanya ta fasa ta. Abin alfaharinsa biyu ne. Na ɗaya, tanakokinsa duk kamarsu ɗaya, kamar ƙwan kaza guda. Na biyu, in ka ga hatiminsa, to Zamzam ne a ciki, ba ruwan wata rijiya da aka surka ba. Bai taɓa liƙe ƙarya ba, haka yakan faɗa, kuma ba a taɓa jin wanda ya ƙaryata shi ba.

Inna Mairama ba ta faɗin sunansa, da yake ɗan fari ne. Ɗan tudu take ce masa, yadda masunta ke kiran wanda bai san ruwa ba. Tun yana yaro, in an yi magariba an sha iska a ƙofar bukka, hirarta ɗaya ce: Kwara.

"A garinmu," takan ce, "ruwa da kanshi shika tahiya. Ba mai ɗauka tai a salka, ba mai saidawa."

"To wa ke rufe shi in dare ya yi, Inna?"

"Kai, ɗan tudu! Wa ka ruhe gulbi?"

Ta ba shi labarin dorina mai hamma kamar ƙofar zaure, da kifin da sai maza biyu sun ɗauka, da mashayarsu ta Tungar Kaiwa inda take wanke ƙore tana budurwa. Shi kuwa yaron da ya tashi yana ganin ana auna ruwa da garwa, dariya kawai yake yi. Ya ga teku a Jidda, amma ruwan da ba a sha a wurinsa ba ruwa ba ne. Ruwa mai tafiya guda ya sani, ambaliyar da kan sauko daga duwatsu ta kwashe rumfuna ta wuce. Har ya girma ya yi aure ya yi 'ya'ya, in tsohuwa ta fara, yakan ƙifta wa matarsa Saudatu ido ya ce, "To, dorina ta fito kiwo."

Ana nan, wajen 1951, aka yi hajji cikin zafi mai tsanani. Wani Alhaji Rabe, attajirin fatu daga Damagaram, ya zo karɓar tanakokinsa, rana ta buge shi ya zube a bakin rumfa. Dawuda ya saɓe shi har gida. Saudatu ta yi ta jiƙa zane tana shimfiɗa masa, Inna Mairama, wadda a lokacin idonta ya riga ya tafi, ta zauna a kansa da kunun tsamiya tana masa faɗa kamar ɗan cikinta, har ya miƙe. Da zai tafi ya rasa abin da zai yi musu, don Dawuda ya ƙi karɓar komai. Sai ya ce, "To, Malam Dawuda, abu ɗaya ya rage. Taso mu tafi ka ga ƙasar iyayenka. Ina da motoci, ina da mutane har Gawo. Ba fatauci ba, ba komai ba. Ka je ka buɗe ido ka dawo kafin wani hajjin."

Da maganar ta fita unguwa, sai ta zama abin hira. Abdulganiyyu mai gahawa, wanda rumfarsa ke jikin ta Dawuda, shi ya fi kowa surutu.

"Ya shekh, me za ka saro?"

"Ba komai. Furja kawai." Furja kuwa ita ce kallo don kallo.

"Furja! Jama'a ku zo ku ji. Mutane na sayar da shanunsu da gonakinsu don su zo nan su ga abin da kake gani kullum da safe kana sakace, kai kuma za ka can kallo. Kallon me? Sauro?"

"Dorina," in ji Dawuda, aka fashe da dariya har da shi.

Inna Mairama ba ta yi dariya ba. Ranar da zai tashi ta sa aka kira shi, ta laluba ta kama hannunsa.

"Ɗan tudu, ban son zane, ban son goro. In ka kai Tungar Kaiwa, ka ɗebo min ruwan mashayarmu. In sha sau guda in wanke huska. Shi ke nan abin da ni ka so." Ta ƙara da cewa, "Kak ka daɗe. Ka ga dai yadda ni ke."

Ya ga yadda take. Ya ɗaure kayansa: tanakokin Zamzam na tsaraba cike da buhu, da ƙarfen liƙinsa da ɗan guntun dalma, don samkari ba ya tafiya ba su, ko da kuwa yawon kallo za shi.

Suka haye teku zuwa Sawakin, suka shiga jirgin ƙasa. A nan ne, ta taga, ya fara ganin kogin Nilu shimfiɗe yana tafiya abinsa ba mai kora. Alhaji Rabe ya ce Dawuda ya sauke numfashi ya ce, "Alhaji, na ɗauki alhakin tsohuwar nan tun ina yaro." Daga nan mota ce, rairayi da kwazazzabo, Abashe, Fallomi, har Damagaram. Tun daga Abashe an shiga ƙasar Faransi. Ya ga 'yan sanda da jar dara suna ta "mushe, mushe", wato malam da Faransanci, ya ga burodi dogo kamar sandar makiyayi, ya saya ya riƙe yana dariya kafin ya ci.

A Damagaram ya fara gane matsalarsa. Shi ya zo kallo, ashe shi ne abin kallo. Ya so ya zaga tsohon Birni, ya ga fadar sarki da gidajen ƙasa masu zanko da manyan duwatsun nan da suka hau kan juna kamar an jera su da hannu. Amma da an ji cewa ga haifaffen Makka, sai zauren Alhaji Rabe ya cika. Wannan ya kawo jariri a tofa masa, wannan na son ya taɓa hannun da ya taɓa Ɗakin Ka'aba, waccan tsohuwa na tambaya ko ya san wanta da ya tafi tun zamanin yunwa.

"Bayin Allah, ni makerin gwangwani ne," yakan ce. "Karatuna bai wuce na salla ba."

"Ji tawali'u!" in ji su, su ƙara matsowa.

Dabarar da ya yi ita ce, ya ajiye farar jallabiyarsa da rawanin Hijaz, ya ari tsohuwar taguwa wurin wani yaron mota, ya fita ta ƙofar baya. A haka ya ga gari. Ya tsaya wurin dukawa yana kallon yadda suke rina fata ja, ya zauna wurin wani maƙeri har azahar suna musun yadda ake riƙe wuta. Tanakokin tsaraba kuwa suna ta raguwa, don duk gidan da aka sauke su sai ya bar ɗaya.

A Yamai sai da aka kai shi gaban kumandan, Baturen mulki, don a ji abin da ya kawo mutumin Makka. Tafinta ya tambaye shi, ya ce kallo. Tafinta ya juyo ya ce, "Malam, faɗi gaskiya. Wa'azi ko bara?" Ya ce kallo. Aka faɗa wa Bature. Bature ya dube shi sama da ƙasa, ya yi wata doguwar magana yana dariya. Tafinta ya ce, "Ya ce shi ma abin da ya ce wa uwarsa ke nan da zai taho, ga shi har ya yi furfura. Ka tafi."

Daga nan suka bi mota suka haura Gawo. Tsohon gari ne mai faɗin tituna da rairayi, kogi a gefensa, ga wani jan tudun yashi a ƙetare da kan canza launi in rana ta yi sanyi. Aka kai shi kushewar Askiya, babban sarkin ƙasar na zamanin da, wani tulin gini na ƙasa mai hawa-hawa, itatuwa sun fito a jikinsa kamar ƙayar bushiya. Dawuda ya sunkuya ya bi 'yar matsattsiyar matakala ya hau har sama, ya tsaya yana haki. Mai gadin wurin, da ya ji daga inda baƙon ya fito, ya ce masa ai mutanen da sun ce ƙasar da aka yi ginin nan daga Makka aka ɗauko ta a kan raƙuma. Dawuda ya shafa bangon ya dubi tafin hannunsa.

"Alhaji," ya ce wa Rabe, "kada Abdulganiyyu ya ji wannan. Na ƙetare duniya don in zo in ga ƙasar ƙofar gidanmu."

Abin da ya fi zama masa a rai shi ne gangarowa. Suka bar mota suka shiga babban kwalekwale mai rumfar tabarma, suka biyo ruwa. Ƙauyuka na wucewa ɗaya bayan ɗaya: rumbuna masu tumbi kamar tuluna, mata na daka a bakin gaɓa, yara tsirara na tsalle cikin ruwa suna ɗaga hannu, shanu na ninƙaya zuwa tsibiri ƙahoni kawai ake gani. A Ayaru suka tarar da ranar kasuwa, jirage sun yi cincirindo kamar tururuwa a bakin zuma. Can ƙasa da nan, wata safiya, matuƙi ya tsai da sanda ya nuna da haɓa. Wani baƙin dutse a tsakiyar ruwa ya motsa kunne, sannan ya wage baki. Dawuda ya ƙanƙame gefen jirgi yana salati.

"Ƙofar zaure," ya ce da ya samu bakin magana. "Wallahi ƙofar zaure ce. Ba ta ƙara ko kaɗan ba."

Suka kwana biyu a Sayi, garin malamai, suka wuce Gaya. Daga Gaya aka ba su ƙaramin jirgi da ya kai su Tungar Kaiwa.

Ba wani gari ba ne. Bukkoki ne 'yan kaɗan, da taruna a shanye, da hayaƙin bandar kifi, da wata tsohuwar kanya da ta sunkuya kan ruwa. Dawuda ya yi sallama ya ce shi ɗan Mairama ne, ɗiyar wane, wadda ta tafi gabas da mijinta tun da daɗewa. Matasa suka dubi juna. Sai aka ce a kira Tsoho. Aka fito da wani dattijo siriri, baki ba haƙori, ido kamar na shaho. Ya ƙare wa Dawuda kallo.

"Ɗan Kurungu ne!" ya yi ihu. "Ga goshin nan. Kurungu tana da rai?"

Kurungu wani kifi ne mai gunaguni in an kama shi. Ashe Tsoho ɗan kawunta ne, taubashinta, shi ya laƙaba mata sunan don yawan mita. Ya zaunar da Dawuda a gindin kanya ya riƙe masa hannu ya ƙi saki, yana tambaya yana share ido da gefen riga. Da ya ji ta makance sai ya ce, "Yo da can mi ta ka gani? Ta bar saurayi kamata ta bi ubanka mai allo." Da za su rabu ya ce, "Ka ce ma Kurungu, ƙwaryar da ta saki ruwa ya tahi da ita, har yau uwata na cigiya a lahira. Ka ce mata kuma wurin zamanta na nan, ba wanda ya gaje shi, don ba mai mitar da ta kai."

A lokacin tanaka biyu suka rage wa Dawuda. Ya buɗe ɗaya, ya zuba Zamzam ɗin a ƙwarya, duk tungar aka kurɓa har jarirai. Sannan ya naɗe wando ya shiga mashayar, daidai inda Tsoho ya nuna, ya cika tanakar da ruwan Kwara. Ya ɗebi ɗan yashi da yatsu uku ya zuba a ciki, don in an girgiza a ji. Ya sa ƙarfensa a wutar banda, ya liƙe bakin, kuma kafin ya yi tunani hannu ya riga ya yi abin da ya saba: ya buga hatimi. Ya mai da ita cikin buhunta ya ɗinke. Ɗayar, ta Zamzam, ya bar ta don ko-ta-kwana. Ga su nan biyu kamar tagwaye. Ya ce wa Rabe, "Ta dama ta Inna ce," ya ajiye su a cikin jirgi. Hanyar komawa Gaya jirgin na yoyo, tanakokin suka yini cikin laka da ruwan kifi, buhunan suka jiƙe sharkaf suka bushe a rana.

A Doso abin ya faru. Sun sauka gidan wani abokin cinikin Rabe, Dawuda ya ari taguwa ya fita kallon fada da kasuwa. Mahaifin mai gidan, tsoho tukuf, ya aiko yana roƙon ko akwai sauran Zamzam, yana so ya ajiye don a yayyafa wa likkafaninsa. Rabe, mutumin kirki, ya shiga ɗaki ya ɗauki ta hagu ya bayar. Bai tuna cewa tun daga Gaya an sauke kayan nan an ɗora ba iyaka. Da Dawuda ya dawo Rabe ya gaya masa.

"Ta Inna fa?"

"Tana nan, ta dama."

Dawuda, kansa cike da abin da ya gano, ya ce madalla, ya shiga ba da labarin wani doki da ya gani. Bai ɗaga tanakar ba.

Suka rabu da Rabe a Damagaram, da kuka da komai. Dawuda ya shiga motar maniyyata mai zuwa gabas. Sai a Fallomi, suna jiran a haye da mota kogin Shari, kewar gida ta kama shi, ya ciro tanakar ya kai kunne don ya ji yashin Tungar Kaiwa. Ya girgiza. Shiru. Ya sake girgizawa da ƙarfi. Ruwa ne kawai, cike fal, irin cikawar da yake yi wa Zamzam.

Ya zauna a ƙasa. Komawa Doso tafiyar watanni ce in aka haɗa da jiran mota, ga damina ta kusa rufe hanya, ga muryar tsohuwa: kak ka daɗe. Direban motar ya ga mutum ya zauna dafe da kai, ya zo ya ji labari, ya kwashe da dariya.

"Haba Alhaji, wannan ne abin damuwa? Ga kogi a gabanka. Zubar da wannan a cikinmu mu sha albarka, ka cika da na nan, ka jefa yashi, ka liƙe. Tsohuwa makauniya, rabonta da garinsu tun ba a haife ni ba. Ruwa ai ruwa ne."

Dawuda ya dubi Shari. Ruwa ne mai kyau, ja-ja, har da kwalekwale da masunta. Ƙarfensa na cikin jaka, ga mai shayi da garwashi kusa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ba nata ba ne." Ya mai da tanakar cikin kaya.

Ya iso Makka ana saura kaɗan alhazai su fara sauka. Unguwa ta fito tarye, Abdulganiyyu na gaba yana tambaya ina dorinar da aka kawo masa. Dawuda ya wuce kowa ya shiga ɗakin uwarsa. Ta rame ƙwarai, tana kwance, amma da ta ji takunsa ta yunƙura ta zauna. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye tanakar a gabanta, ya faɗa mata komai tun daga mashaya har Fallomi, bai rage ba, har da shawarar direba.

"Inna, Zamzam ne a ciki. Na kai shi Kwara na dawo da shi Makka. Naki yana Doso, wani bawan Allah na ajiye da shi da hatimina a kai."

Saudatu da ke bakin ƙofa ta fara sharar hawaye. Tsohuwa ta miƙa hannu ta lalubo tanakar, ta ɗora a cinya, tana shafa buhun da ya yi tauri da busasshiyar laka. Ta kai hanci. Ta daɗe a haka.

"Buɗe," ta ce.

Ya huda bakin. Ta kurɓa kaɗan ta gyaɗa kai. "Zamzam ne." Sannan ta karkata tanakar ta tsiyaya ruwan a kan buhun, ta murza da yatsa. Laka ta jiƙe. Nan take ɗakin ya ɗauki wani wari da ba a taɓa ji ba a Utaibiyya: ɗanyar laka, da ƙarnin kifi, da hayaƙin banda. Inna Mairama ta kifa fuskarta a cikin tsumman, kafaɗunta na rawa. Dawuda ya ɗauka kuka take yi, kuma kukan ne, amma da ta ɗago akwai dariya a ciki, laka ta ɓata mata kumatu.

"Mashayarmu ce," ta ce. "Ga ta nan. Kai ɗan tudu, ka kawo ta a waje kana nema a ciki." Ta shafa lakar a goshi da wuya. "Wa ka iske?"

"Tsoho. Ya ce a gai da Kurungu."

Ta yi wata ƙara kamar yarinya. "La ilaha! Wannan ɗan banza bai mutu ba?"

"Ya ce uwarsa na cigiyar ƙwarya a lahira."

"Shi ya ture ni! Shi ya ture ni ƙwaryar ta kuɓuce! Zamna nan ka gaya min, kak ka tsallake komi. Kanyar na nan?"

Ya zauna. Wannan karon shi ke ba da labarin dorina, ita ke katse shi tana gyara masa.

Sauran ruwan ta sa ya sake liƙewa. Ta ce wannan Zamzam ya fi ta sa'a, ya je gida ya dawo, don haka shi za a yayyafa wa likkafaninta. Tsumman buhun kuwa ta sa a ƙarƙashin matashinta, in kewa ta taso ta ɗiga masa ruwa. Ta ga hajjin shekarar, ta rasu bayansa da kaɗan, aka yi mata yadda ta ce.

A hajjin nan Dawuda ya yi ta bin masaukan mutanen ƙasar Faransi har ya sami wani mutumin Doso. Ya ba shi sabuwar tanaka, ya ce ya kai gidan wane ya ce wa tsohon, wadda ke hannunsa ruwan gulbi ne a cikinta, ga ta gaskiya, a yafe wa samkari. Sai da shekara ta zagayo amsa ta zo a bakin wani alhaji: tsohon ya karɓa, ya yi dariya har ya ƙware, ya ce dama ya yi mamakin Zamzam mai yashi.

Dawuda bai sake fita furja ba. Ya tsufa a rumfarsa ta Misfala, yana yankan ƙarfe yana faɗa da Abdulganiyyu. In alhaji ya ce daga bakin Kwara yake, yakan ajiye aiki ya tambaye shi ko ruwa ya kawo bana, ko dorina na nan a ƙasan Ayaru. Sannan ya liƙe masa tanakarsa, ya buga hatimi, ya ɗaga ta ya kai kunne.